Tafinta a Ɗakin Baya

A ɗakin baya na ma'ajiyar auduga, a Pitowa,
akwai wata tsohuwa mai tsayin ƙofa.
Ƙarfe ce, launin tokar murhu,
tun kafin a yaye ni take nan tana gurnani.
A cikinta sunayen manoma suke kwance,
kowa da kilonsa, kowa da bashin takinsa.

Abokin zamanta ya mutu ranar Talata.
Firinta ne mai haƙora,
in yana bugu, masu awo a waje sai sun ɗaga murya.
Ya tauna zaren tawadarsa na ƙarshe, ya yi tsit.
Aka ɗauko sabo daga Garwa a bayan babur,
fari fat, sakayau kamar sabuwar ƙwarya,
sai dai ba ya jin yaren tsohuwa.

Malam Njidda akawu ya ce, "Dijatu,
ke da kika yi karatun waya,
shiga tsakani."

Na tsuguna bayanta, tocila a baki.
Nata bakin mai rami ashirin da biyar,
nasa 'yar tsaga guda, ko ƙwayar gyaɗa ba ta shiga.
Na sa ɗan akwati tsakaninsu,
bai fi kwalin ashana ba: tafinta ke nan.
Na fere waya, na narka dalma,
ta biyu ta koma gurbin ta uku, ta uku ta koma na biyu,
don bakin wannan ya faɗa kunnen wancan.
Ta bakwai ƙasa ce, kowa ya taka.

Gwajin farko, sawun kaji a kan takarda.
Tsohuwa na magana a tsanake,
yaro na saurare da garaje.
Na ja masa linzami zuwa dubu tara da ɗari shida.

Gwaji na biyu sunaye suka fito,
amma kowane layi ya fara inda na sama ya tsaya,
suna gangarawa kamar masu sauka bakin Binuwai
har suka faɗa gefen takarda.
Ashe ita "sauka" kawai take cewa,
marigayin ya san sauran:
in ka sauka, koma farko.
Shekara talatin suna haka, ba wanda ya rubuta.
Sabon sai an faɗa masa duka biyun.

Wuta ta ɗauke.
Muka zauna gindin darbejiya, gumi na tsiyaya,
manoma na jiran takardar biya tun hantsi.
Wani dattijo daga Bajuma ya tambaye ni
ko injin ma yana mantuwa.
Na ce ban sani ba tukuna.

La'asar sakaliya wuta ta dawo.
Tsohuwa ta yi tari, koren allonta ya buɗe ido.
Malam Njidda ya ce, "Gwada da kowace shekara."
Yatsuna suka zaɓa, ban shawarce su ba.

Takarda ta sulalo ba hayaniya,
da ɗuminta kamar masa.
Layi na goma sha ɗaya:
Hamajoda Buba, kilo ɗari huɗu da sha biyu.
Bashin taki: an biya.

Inna ta kwana shekaru da wannan tambaya,
ko ya tafi da nauyin wani a wuyansa.
Rasit ɗin gara ta cinye tun da daɗewa.

Malam Njidda bai lura ba.
Yana ƙwanƙwasa tebur da biro, yana mita
wai aikin da ba a jin ƙararsa
ta yaya mutum zai san ana yinsa.
Na ninke takardar gida huɗu,
na sa ta ƙasan jakar kayan aiki, kusa da dalma,
na leƙa waje na ce manoma su shigo layi.